Taimakon Ƙwarewa Tsakanin Ƙasashe Maƙwabta Bayan Girgizar Ƙasa: Darasi ga Zongon Kwatano

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani, unguwar Zongo, birnin Kwatano, Jamhuriyar Benin

Tsakure

Wannan takarda ta dubi irin taimakon ƙwarewa da ƙasashe ke bai wa maƙwabtansu domin sake gina gari bayan girgizar ƙasa. Ta ɗauki misalai uku, wato Haiti a 2010, da Nefal a 2015, da Maroko a 2023, ta auna su da halin da garuruwan bakin tekun Afirka ta Yamma suke ciki, musamman unguwar Zongo ta Kwatano. Abin da ta gano shi ne, taimakon da ya shiga hannun magini da mai gida shi ne yake zama bayan baƙi sun koma, wanda kuwa ya tsaya a hannun ƙwararrun waje tare da su yake tafiya. Ta kuma nuna cewa rufe iyaka yana iya tauye aikin da aka riga aka tara masa kuɗi. Daga ƙarshe ta kawo shawarwari kan rawar da zangunan Hausawa, waɗanda dama sun saba da ƙetare iyaka, za su iya takawa tun kafin bala'i ya sauka.

1.0 Gabatarwa

Ranar 11 ga Satumba 2009, cikin watan azumi, ƙasa ta motsa a kudancin Benin. Masana sun gano cewa cibiyar motsin tana kusa da Allada, tafiyar kilomita 50 ko makamancin haka daga inda muke zaune yau, ƙarfinsa kuma maki 4 ne da 'yan kai. An ji shi har Legas da Abekuta da Ibadan. Abin ya zo da sauƙi, kowa ya kama harkar gabansa, yau ma ba kowa ne zai tuna ba.

Wata huɗu bayan nan, ranar 12 ga Janairu 2010, girgiza mai ƙarfin maki 7.0 ta rusa Port-au-Prince, babban birnin Haiti. Tsakanin Allada da Haiti akwai jini. Ana danganta asalin mahaifin Toussaint Louverture, jagoran yaƙin 'yancin Haiti, da gidan sarautar Allada, kuma mutum-mutumin Toussaint yana tsaye a garin har gobe. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A wannan karon gemun ɗan'uwa ya ƙone, namu kuma ya riga ya ji ɗumi.

Tambayar da takardar ta sa gaba ita ce: idan irin wannan ta auka wa Akara ko Lome ko Legas ko Kwatano, Allah ya kiyaye, wa zai fara isowa, da me zai zo, kuma me zai bari a baya idan ya tafi? An nemi amsar ta hanyar kwatanta abin da ya faru a ƙasashe uku, tare da abin da ido ke gani kullum a wuraren gini na unguwarmu.

2.0 Ma'anar Taimakon Ƙwarewa

Taimakon da ke biyo bayan bala'i iri uku ne. Na farko agajin gaggawa: tono waɗanda gini ya danne, magani, abinci, ruwa da tantuna. Wannan na kwanaki ne ko makonni. Na biyu kuɗi, ko kyauta ko bashi. Na uku shi ne taimakon ƙwarewa, wato ilimi da hannu da kayan aikin da ake buƙata don gari ya sake tsayuwa da ƙafarsa. A cikinsa akwai duba gidajen da suka tsage a bambanta wanda za a koma da wanda za a rushe, da gwajin ƙasa kafin a haƙa harsashi, da rubuta ƙa'idar gini, da horar da magina da kafintoci da masu ɗaure rodi, da daidaita takardun filaye, da kafa na'urorin auna motsin ƙasa.

Na farko shi ne ya fi fitowa a talabijin, na biyu shi ne ya fi cika bakin shugabanni a wurin taro. Na uku ba shi da amo, amma da shi ake sanin ko gidan da aka sake ginawa zai kare mutanensa a karo na gaba. Yarjejeniyar Sendai, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita a Japan a watan Maris 2015 domin rage haɗarin bala'o'i zuwa 2030, ta sanya sake gini da inganci fiye da na da cikin manyan manufofinta huɗu. Sai dai yarjejeniya ba ta ɗora bulo. Mai ɗorawa shi ne magini, mai biyan kuɗin siminti kuma shi ne mai gida. Saboda haka ma'aunin da wannan takarda za ta yi amfani da shi guda ne: ilimin da aka kawo, ya isa hannun waɗannan mutum biyu ko bai isa ba?

3.0 Girgizar Ƙasa a Yankinmu

Akwai masu ɗaukar cewa girgizar ƙasa cutar wasu nahiyoyi ce. Gaskiya ne Afirka ta Yamma ba ta kan bakin manyan faifan ƙasa kamar Japan ko Turkiyya, amma tarihi ya nuna ba mu kuɓuta ba. Birnin Akara, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara, ya sha girgiza mai tsanani a 1862. Ranar 22 ga Yuni 1939 wata ta sake aukuwa, mai ƙarfin kusan maki 6.5, ta kashe mutum 17, ta jikkata fiye da 130, aka kuma ji ta har Legas. A lokacin Akara ƙaramin gari ne mai gajerun gidaje, yau kuwa miliyoyin mutane ne a cikinsa, da benaye a kan tsagogin ƙarƙashin ƙasa waɗanda ba su je ko'ina ba. Ranar 22 ga Disamba 1983 girgiza mai ƙarfin sama da maki 6 ta afka wa yankin Gaoual da Koumbia a arewa maso yammacin Gini, ɗaruruwan mutane suka rasu. A Najeriya an ji motsi a Ijebu-Ode a 1984, a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape ta Abuja a Satumban 2018.

Abin lura shi ne yadda garuruwan suka jeru. Daga Kwatano zuwa Legas kimanin kilomita 120 ne, zuwa Lome kimanin 150, zuwa Akara ƙasa da 350. Hanya ɗaya ce ta sarƙe su, tun daga Abijan har Legas, ta ratsa ƙasashe biyar. Duk wanda girgiza ta faɗa wa a cikinsu, motar agajin maƙwabci za ta riga jirgin Turai isowa. Kuma a kowane ɗaya daga waɗannan birane akwai zango: Sabon Zango da Nima a Akara, Zongon Lome, Agege da Idi-Araba a Legas, da namu na nan Kwatano.

4.0 Misalai Uku

4.1 Haiti da Jamhuriyar Dominikan

Gwamnatin Haiti ta ce waɗanda suka rasu a girgizar 2010 sun haura 200,000, kuma kimanin mutum miliyan 1.5 suka koma zama a sansanoni. Ƙasar da ta fara isowa ita ce Jamhuriyar Dominikan, wadda suke tsibiri ɗaya, duk da tsohuwar gabar da ke tsakaninsu tun kafin kisan gillar 1937 a zamanin shugaba Trujillo. Ta buɗe iyaka, asibitin garin Jimaní ya cika da masu karaya, filin jirgin Santo Domingo da hanyar mota suka zama mashigar kayan agaji a lokacin da tashar jirgin ruwan Port-au-Prince ta lalace. Daga baya ta gina wa Haiti harabar jami'a a Limonade, aka miƙa ta ranar 12 ga Janairu 2012. Daga nahiyarmu ma Senegal ta ɗauki ɗaliban Haiti sama da 150 a watan Oktoba 2010.

Kuɗi kam an yi alkawarinsu. A taron New York na 31 ga Maris 2010 an ambaci biliyoyin daloli, aka kafa kwamitin sake gini ƙarƙashin Bill Clinton da Firaminista Jean-Max Bellerive. Amma alƙaluman ofishin wakilin musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa cikin kuɗin da aka saki daga 2010 zuwa 2012, abin da ya bi ta hannun gwamnatin Haiti bai kai kashi 10 cikin 100 ba, wanda ya shiga hannun ƙungiyoyi da kamfanonin 'yan ƙasar kuwa bai kai kashi 1 ba. Mafi yawa ya bi ta hannun ƙungiyoyi da 'yan kwangilar waje. Ga kuma cutar kwalara da ta ɓarke a Oktoban 2010, wadda aka gano ta fito daga sansanin dakarun Majalisar, ta kashe kusan mutum 10,000, har babban sakatarenta na lokacin, Ban Ki-moon, ya nemi gafarar mutanen Haiti a Disamban 2016.

Duk da haka akwai abin da ya yi albarka, kuma shi ne wanda aka danƙa wa 'yan ƙasa. An horar da injiniyoyin Haiti, suka bi gida-gida suka duba gine-gine kusan 400,000, suna shafa wa kowanne alama: kore a koma, ruwan ɗorawa a gyara, ja a nisanta. An kuma koya wa magina dabarar ɗaure bango da ginshiƙai da ɗamarar kankare, ta yadda ɗaki zai zama kamar akwati ɗaya. Wannan ilimi bai hau jirgi ya koma ba.

4.2 Nefal da Indiya

Ranar 25 ga Afrilu 2015 girgiza mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa Nefal, wata mai 7.3 ta biyo baya ranar 12 ga Mayu. Kusan mutum 9,000 suka rasu, ɗaruruwan dubban gidaje suka rushe, yawancinsu na dutse da laka a ƙauyukan kan tsaunuka. Cikin 'yan sa'o'i jiragen sojan Indiya suka sauka a Katmandu. A taron masu ba da taimako na 25 ga Yuni, Indiya ta yi alkawarin dala biliyan 1.

Tsarin da Nefal ta ɗauka shi ne mai gida ya gina gidansa da kansa. Gwamnati ta ba kowane magidanci rupi 300,000, amma kashi uku: 50,000 da sa hannu, 150,000 bayan injiniya ya zo ya duba harsashi ya gamsu, ragowar 100,000 bayan gini ya kai bakin rufi da ɗamararsa. Indiya ta ɗauki nauyin gidaje 50,000 a gundumomin Gorkha da Nuwakot, ta kuma ɗauko hukumomin UNDP da UNOPS don su tsaya wa masu gidajen ta fuskar ƙwarewa. Injiniyoyi suka riƙa bin ƙauyuka suna zana wa mutane taswirar gida, suna taya su neman izini, suna horar da magina maza da mata a kan aikin kansa. An kammala gidajen a 2021. Ba a ce wa baƙauye ya watsar da dutsen da ya gada ba. An nuna masa inda zai ratsa ɗamarar katako ko ta kankare, da yadda zai sarƙe kusurwa don bango kada ya rabu da ɗan'uwansa.

Tsarin bai rasa illa ba. Sai a Disamban 2015 aka kafa hukumar sake gini, bayan mutane sun shafe damina a ƙarƙashin kwano da tamfol. Kuɗin bai isa ba, da yawa suka ci bashi, wasu suka gina ɗaki ɗaya tak don dai su cika sharaɗi. Amma babban darasi a gare mu ya zo ne daga bakin iyaka. Daga ƙarshen Satumba 2015 zuwa Fabrairu 2016, motocin kaya suka daina shiga Nefal daga Indiya, musamman ta Birgunj, sakamakon rikicin sabon kundin tsarin mulkin Nefal. Nefal ta zargi Indiya da toshe hanya, Indiya ta ce masu zanga-zangar al'ummar Madhesi ne suka tare ta. Ko wane ne da gaskiya, mai da gas da magani da kayan gini sun yanke a tsakiyar hunturu. Nefal ba ta da teku, kamar Nijar. Maƙwabcin da ya fi kowa taimako, ta ƙofarsa ce kuma aikin ya tsaya cik.

4.3 Maroko da Aljeriya

Daren 8 ga Satumba 2023 girgiza mai ƙarfin maki 6.8 ta afka wa lardin Al Haouz a tsaunukan Atlas, kusan mutum 3,000 suka rasu. Maroko ta zaɓi karɓar masu ceto daga ƙasashe huɗu kawai: Sifaniya, Birtaniya, Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Aljeriya, wadda ta yanke hulɗa da ita tun 2021, ta buɗe sararin samaniyarta ga jiragen agaji, ta kuma miƙa tayin taimako, amma ba a karɓa ba. A wasu wurare bala'i ya sassauta gaba, kamar yadda aka gani tsakanin Turkiyya da Girka a 1999, da kuma Fabrairun 2023 lokacin da aka buɗe gadar Margara bayan shekaru masu yawa don motocin agajin Armeniya su shiga Turkiyya. A Maroko hakan bai samu ba. Ashe ba a jiran ranar bala'i kafin a gyara zumunci.

Gwamnatin Maroko ta ware dirhami biliyan 120 na shekara biyar, ta ba mai rusasshen gida dirhami 140,000, mai tsagagge 80,000. Muhawarar da ta taso ita ce ta ginin ƙasa: a koma masa da gyara, ko a rungumi bulo da siminti? Wannan muhawara tamu ce. Muna da tubali da azara, muna da gadon Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, da Falke Barmu mai masallacin Yama a jihar Tawa, wanda ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Mun kuma ga tsohon masallacin Damagaram ya zube a ruwan 2024. Timbuktu ta nuna hanya: hubbarorin waliyyai 14 da aka rusa a 2012, maginan garin ne suka sake ɗaga su zuwa 2015, da tallafin UNESCO, da dabarar da suka gada daga iyayensu.

5.0 Zongon Kwatano: Ƙasa, Gini da Mutane

5.1 Ƙasar da muke kai

Kwatano zaune take a kan rairayi, tsakanin tafkin Nokoué da teku. Duk wanda ya taɓa haƙa rami a garin nan ya san ba a nisa ake tarar da ruwa. Irin wannan ƙasa, idan aka jijjiga ta da ƙarfi, takan saki jiki ta koma kamar kunu, sai bene ya nutse ko ya karkata ko da bangonsa bai fashe ba. Ambaliyar 2010, wadda ta shafi mutum kusan 680,000 a ƙananan hukumomi 55 cikin 77 na Benin, ta nuna mana yadda garin yake da rauni, ta kuma jawo ayyukan magudanan ruwa da Bankin Duniya da wasu abokan hulɗa suka tallafa. An samu ƙwarewa kan ruwan sama. Kan motsin ƙasa kuwa da sauran tafiya.

5.2 Ginin da muke yi

Wata safiya na tsaya a wani wurin buga bulo. Yaro ya farke buhun siminti ɗaya, ya riƙa ƙara masa baro bayan baro na yashi, har launin kwaɓin ya koma na yashin kansa. Na ɗauki bulon da ya kwana biyu a rana, ba a yayyafa masa ruwa ba, na murza gefensa da babban yatsa, sai ya riƙa zuba kamar garin rogo. Na tambayi mai wurin, ya ce: “Alhaji, in na buga mai ƙarfi ba mai saye. Kowa araha yake tambaya.” Bai yi ƙarya ba. Laifin ya rabu tsakanin mai bugawa da mai saye.

A ɗaga kai a dubi rufin gidajen unguwa, za a ga rodi tsaitsaye suna jiran bene na gaba, shekara da shekaru, iskar teku mai gishiri tana cinsu. Ranar da kuɗi suka samu sai a ɗora hawa na uku a kan harsashin da aka haƙa don hawa ɗaya. A ƙasa kuma an fasa bango an yi shaguna masu faɗin ƙofa, nauyin ɗakunan haya yana kan 'yan siraran ginshiƙai. A Haiti da Turkiyya irin wannan hawa na ƙasa shi ne yake fara durƙushewa. Ga lunguna da motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba, ga dubban mutanen da ke cika babban masallacin Zongo da titunan gefensa ranar Juma'a.

Gyaran da ake buƙata bai fi ƙarfin talaka ba: yashi marar gishiri, kwaɓi bisa ƙa'ida, shayar da bulo da kankare ruwa har su nuna, matso da zobban ƙarfe kusa da juna a saman ginshiƙi da gindinsa tare da lanƙwasa bakinsu ciki, da zagaye ɗaki da ɗamara a ƙasa da kuma sama. Tun ran gini, tun ran zane. Ƙarin kuɗin kaɗan ne idan aka kwatanta da rai.

5.3 Mutanen da muke da su

Kalmar zango ta samo asali ne daga masaukin fatake, irin waɗanda suka jeru a kan hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta Borgu da Djougou. Tsarin da ya riƙe wannan hanya bai mutu ba. Har yau akwai mai masauki da ke karɓar baƙo ya tsaya masa, akwai sarkin zango da limamai, akwai ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa, akwai adashin mata. Ɗan kasuwa yakan ba da kuɗi a nan Kwatano da safe, kafin azahar ɗan'uwansa ya karɓa a Gaya ko Maraɗi ko Kano, bisa amana. Idan gobara ta tashi a kasuwa, kafin hukuma ta gama rubuta sunaye an riga an yi karo-karo a masallaci.

Akwai kuma wata baiwar da masu tsara taimako ba su cika lura da ita ba, wato harshe. Benin da Togo da Nijar suna aiki da Faransanci, Najeriya da Gana da Ingilishi. Injiniyan da ya yi karatu a Zariya da maginin da ya taso a Dosso ba su da harshen boko guda, amma suna da Hausa. A bakin ramin harsashi, da ita za su fahimci juna.

Barazanar da ke gaban wannan tsari ita ce irin wadda ta sami Nefal. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, har da Seme, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar an rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi layi na tsawon kilomitoci, kaya suka lalace, mutane suka koma ƙetare kogin Kwara da kwale-kwale. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Da bala'i ya faɗo a irin wannan lokaci, ta ina siminti da magani da masu ceto za su bi?

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, gwamnatocin Benin, Nijar, Najeriya, Togo da Gana su ƙulla yarjejeniya a rubuce cewa kowane irin saɓani ya taso, motar agaji da ta kayan sake gini da ma'aikatan ceto za su wuce iyaka ba tare da jinkiri ba. A raba wannan da rigimar siyasa tun yanzu.

Na biyu, a haɗa na'urorin auna motsin ƙasa na yankin su riƙa musayar bayani. Najeriya tana da cibiya a Toro ta Jihar Bauchi, Gana tana da hukumar binciken ƙasa mai daɗaɗɗen tarihi a wannan fanni. Jami'ar Abomey-Calavi da takwarorinta su shiga, a fitar da taswirar da za ta nuna unguwannin da ƙasarsu ta fi rauni.

Na uku, duk wani taimakon waje da za a karɓa a gindaya masa sharaɗin cewa kowane ƙwararre baƙo zai yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ɗan ƙasa, kuma a auna nasarar aikin da yawan maginan da suka ƙware, tare da yawan gidajen da aka gina. Zanen aro ba ya rufe katara.

Na huɗu, a wallafa ɗan littafin gini mai hotuna da Hausa, a boko da ajami, da kuma Fon da Yarbanci da Dendi, a mayar da shi sauti da bidiyo da za su yawata a WhatsApp da gidajen rediyo.

Na biyar, shugabannin Zongo su tattara sunayen magina, kafintoci, masu walda, direbobi da ma'aikatan jinya na unguwa, su ƙulla zumunci da takwarorinsu na Lome da Akara da Legas da Gaya, su kuma gabatar da kansu ga hukumar kare al'umma daga bala'i a matsayin abokan aiki.

Na shida, a fara da wuraren taruwar jama'a. Kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su gayyaci injiniya ya duba gininsu, musamman waɗanda aka ƙara wa hawa. Malamai kuma su tunatar da jama'a a huɗuba cewa yarda da ƙaddara ba ta hana ɗaukar mataki, kuma ha'inci a kwaɓin siminti cin amanar rayuka ne.

7.0 Kammalawa

Takardar ta bi sawun ƙasashe uku. A Haiti an tara dukiya mai yawa, amma abin da ya zauna shi ne ɗan ilimin da aka bar wa injiniyoyi da maginan ƙasar. A Nefal an riƙe hannun mai gida har ya gina nasa da kansa, sai dai rufewar iyaka ta ci watanni masu tsada. A Maroko saɓanin siyasa ya hana maƙwabci mafi kusa shigowa. Duka ukun sun haɗu a kan abu guda: ƙwarewa da zumunci ana tanadinsu ne tun gari yana lafiya.

Mu mazauna Zongo muna da abin da waɗancan ƙasashe suka yi ta nema bayan ƙasa ta riga ta motsa. Muna da 'yan'uwa a kowane ƙetaren iyaka, da harshe guda, da al'adar karɓar baƙo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina kira ga iyayenmu sarakuna da malamai, da 'yan kasuwa masu gina benaye, da magina, da 'yan bokon da ke wannan zaure, kada mu watse daga taron nan sai mun sa ranar da za a fara duba masallatanmu da makarantunmu, da ranar da za a zauna da maginan unguwa. Allah ya tsare mu da maƙwabtanmu, ya ba mu ikon yin abin da ya rataya a wuyanmu.